Ragon da Abuya Ya Kawo Tantunan Raed

"Layan! Fito da sauri, Abuya ya iso... kuma da rago ya zo!"

Cokalin da ke hannuna ya faɗi ƙasa. Na dubi Raed tsaye a ƙofar kicin, gumi ya jiƙa masa farin tob ɗinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa.

"Rago mai rai?"

"Mai ƙaho ma. Ba ki gaya masa ba ne, habibti?"

Ban gaya masa ba. Ni da ba na tsoron kowa a Jidda, wata takwas na yi ina taunar maganar nan ina haɗiyewa.

Raed ne ya kafa wurin: tantuna goma sha biyu a bakin teku, can gaba da Abhur, kowanne da gado mai laushi da na'urar sanyi da banɗakinsa. Baƙinmu mutane ne da ba sa cin nama, wasu ko madara da ƙwai da zuma ba sa taɓawa. A rubuce muka yi musu alƙawari cewa ba a yanka a wurin nan, kuma nama bai taɓa hawa ƙarfen gashinmu ba. Ni ce shugabar kicin. Ni ce kuma wadda Raed ke so ya aura, shi ya sa ya gayyaci mahaifina ya ga sana'arsa kafin ya tura manya.

Mahaifin nawa kuwa, wanda muke kira Abuya, shi ne Abdulghaffar mai tsire na unguwar Sharafiyya. Shekara arba'in yana gashi a kusurwar titi ɗaya, inda ya gaji mahaifinsa da ya zo aikin hajji a ƙafa bai koma ba. To ta wane baki zan ce masa 'yarsa tana girki inda aka haramta nama?

Na same shi a gindin mota yana kwance igiyar ragon, fuskarsa fal murna. Baƙi biyu sun leƙo daga tantinsu suna kallo.

"Ya binti, masha Allah, wuri ya yi kyau! Ina za a yanka? A samo mini inuwa da ruwa, yau baƙinku za su san an gasa nama."

Raed ya durƙusa ya sumbaci kan Abuya, ya kira shi Ammi, wato baffa.

"Ya Ammi, ka girmama ni, wallahi na gode. Amma ba za a yanka a nan ba."

"Na'am?"

"Baƙinmu ba sa cin nama. Na yi musu alƙawari."

Abuya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Da ya ga babu mai taya shi, sai dariyar ta tsaya.

"To a bayan tantuna. Wa zai gani?"

"Ni zan sani, ya Ammi. Ka gafarce ni."

A Sharafiyya kaf babu wanda ya taɓa ce wa Abuya a'a yana kallon idonsa.

Ya juyo gare ni a hankali.

"Ke ma kin sani?"

"Na sani, Abuya."

"Wata takwas kina dawowa gida kina ce mini aiki lafiya... ashe kunyar sana'ata kike ji! Da naman nan na yi miki makaranta, Layan. Yau shi ne ƙazanta?"

"Ba haka ba ne..."

"Khalas, ya isa! Gidan da ya mayar mini da ragona ba zai karɓi 'yata ba. Ɗauko abayarki, yalla mu tafi."

Raed ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Wannan faɗan nawa ne, ni na jawo shi da shiruna.

"Zan bi ka, Abuya. Amma ba ka taɓa barin baƙo ya tashi daga rumfarka da yunwa ba. Ni ma ba zan fara da kai ba. Ka biyo ta wajen wutata, minti biyar kawai."

Ya biyo ni, yana jan ragon kamar mai tsoron a sace.

Tun kafin mu isa na ga hancinsa ya motsa. La'asar ta yi, garwashi ya kama, tsinkaye suna jere a kan wuta: awara, albasa, tattasai da gauta baƙa, duk an birkiɗa su cikin yaji. Ya tsaya cak.

"Wa ya ba ki yajina?"

"Babu wanda ya ba ni. 'Ya'yanka maza, su Yaya Badr, ka zaunar kana koya musu, suka gudu suka kama tuƙin mota. Ni kuma ina bayan ƙofa tun ina shekara bakwai, ina ƙirga cokalin da kake zubawa. Ƙuli-ƙuli, citta, masoro, kanumfari... Ba ka taɓa waiwayowa ka gan ni ba."

Na miƙa masa takardar abincinmu. Layin farko, da Larabci da Turanci, an rubuta: Tsiren Abdulghaffar, Sharafiyya.

"Shi ne abin da baƙi suka fi nema. Ba kunyarka nake ji ba, Abuya. Tsoro na ji kada ka ce na ɓata maka suna."

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Ya daɗe yana kallon sunansa. Sannan ya zari tsinke ɗaya, ya hura, ya gutsura. Ya tauna a hankali, ya sake gutsura.

"Kimba babu."

"Kimba?"

"Da asuba nake zuba ta, kafin kowa ya tashi. Ita ce ba ki gani ba." Sai ya ɗaure fuska. "Kuma wutar nan ta yi yawa, za ki ƙona gyaɗar. Wa ya ce miki a kan wuta ake ɗora tsire? A gefe ake jera shi!"

Ya miƙa wa Raed igiyar ragon, ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu har gwiwar hannu ba tare da kowa ya roƙe shi ba, ya karɓe mafici daga hannuna. Na tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, wurin da na yi shekara ashirin ina so in tsaya.

Can ya yi magana, idonsa a kan garwashi.

"Kai, mai tantuna."

"Na'am, ya Ammi."

"Kana cin nama?"

"Duk Alhamis a rumfarka nake ci. A can na fara ganin Layan."

"Na gane ka, mai yawan neman ƙarin albasa." Ya juya tsinke. "Baƙin nan kwana uku za su yi su tafi, amma ka iya ɓata mini rai don kada ka karya musu alƙawari. Tawa amanar ta har abada ce. Za ka riƙe ta haka?"

"Fiye da haka, wallahi."

"To mayar da ragon mota, ka ba shi ruwa. A ƙofar gidana zan yanka shi, ranar ɗaurin aure. Ka turo manyanka Juma'a."

Raed ya dube ni, na dube shi, na fashe da dariya ina hawaye.

Abuya ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke kuma gobe ki tashi da asuba, ki same ni a turmi. Ba a bayan ƙofa ba."