Ƙullin da Nabawiyya ta Kankare

Ana gab da kiran magariba ungozoma ta leƙo daga ɗaki, hannuwanta a jiƙe, ta ce, "Nabawiyya, yi maza gidan Hilal ya kawo motarsa, wayarsa a kashe take. Abin cikin nan ya ƙi saukowa. A kai ta asibiti."

Ummu Girgis ce fa, matar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, Musulmi da Kirista, ba a taɓa jin ta ce a nemo mota ba. Daga kan gado Intisar ta miƙo hannu, gumi ya wanke mata fuska.

"Umma, wani abu yana ja na daga ciki. Kamar igiya. In ya ja, sai yaron ya yi shiru."

Nabawiyya ba ta iya kallon ɗiyarta ba. Ta yafa baƙin mayafinta, ta zagaya bayan tanderun burodi, ta zura hannu cikin wani fasasshen tulu ta zaro ƙullin hankici, ta cusa a ƙirji. A bakin ƙofa ta tare maƙwabci a kan jakinsa, ta ɗora masa saƙon Hilal. Ita kuwa sai ta juya ta bi hanyar gonakin rake, wadda ke zuwa birba.

Birba dai ita ce tsohon ginin mutanen Fir'auna da ke gindin dutse, bayan gonaki. A can ciki akwai ɗakin da rufinsa falalen dutse ne guda, faɗinsa ya fi tsakar gidan kowa a ƙauyen, kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Masana sun zo daga Alƙahira da ƙasashen Turawa da na'urori iri-iri, sun auna, sun sha shayi, sun yi gardama, sun koma. Har yau ba wanda ya faɗi abin da ke riƙe da shi.

Intisar ta daɗe a gidan miji ba ko ɓatan wata. Dangin miji suka fara habaici, su zo gaisuwa suna tambayar ko asibiti ta ce wani abu. Matan ƙauyen suna da abin da suke yi tun kaka da kakanni: a je birba a kankaro garin bango, a jiƙa a sha. Da Nabawiyya ta kawo maganar, Intisar ta tashi tsaye.

"Haba Umma! Ni da nake koya wa yara karatu zan sha ƙasar gumaka? Wallahi gara in mutu ban haihu ba. Ki rantse ba za ki je ba."

Ta rantse. Da hannunta a kan Alƙur'ani ta rantse, Allah ya yafe mata. Washegari da hantsi ta ɗauki cokali da burodi mai zafi ta nufi birba.

Mai gadi, Abdurradi, abokin marigayi mijinta ne, tsoho mai surutun tsiya. Ya karɓi burodin yana dariya.

"Ummu Intisar, ke ma kin zo nema wa Intisar ƙani ne? Da wannan furfurar?"

"Rufe bakinka, tsohon banza, ci abin da aka ba ka."

"To ki kankara a bangon waje, inda sauran mata suke yi. Kada ki shiga wajen mai igiya." Ya rage murya. "Akwai wani a jikin bangon ciki, riƙe da igiya mai ƙulle-ƙulle. Da ita suka auna ginin nan, kamu da tafi da yatsa. Mahaifina ya ce lissafin duk yana jikin ƙullin nan, mu ne muka manta yadda ake karanta shi."

To kun san halin uwa. Ta ce a ranta, bangon waje kowace mace ta kankara, albarkarsa ta ƙare. Tana ganin ya juya wajen butar shayinsa ta shige ciki. Ga mutumin a bango, kansa a aske, hannunsa a miƙe da igiya. Ƙullin da ke kusa da yatsunsa ya fi fitowa, shi ta sa wa cokali. Ta kankare shi tas, har wurin ya zama rami.

Garin ta riƙa barbaɗa wa Intisar a miyar lalo, kaɗan-kaɗan. Yarinyar tana ci tana cewa, "Umma, miyarki ta fi ta kowa."

Wata bai cika ba ciki ya shiga. Aka yi guɗa, aka raba alewa, Intisar ta rungume uwar tana kuka tana cewa, "Kin gani? Addu'a kawai, Umma. Ba na gaya miki ba?"

Daga nan ƙulle-ƙulle suka fara. Nabawiyya ta tashi da asuba ta tarar da igiyar shanya a ƙulle, ƙulli bayan ƙulli, tazararsu ɗaya kamar an gwada. Gobe igiyar ɗaure ɓaunar da suke kiwo. Jibi zaren ɗinkin Intisar. Kullum wuri ɗaya ake tsallakewa, a bar shi babu ƙulli. Kullum kuma ita ke riga kowa tashi ta kwance su, ba ta gaya wa kowa ba.

Yau ga inda rantsuwar ƙarya ta kawo ta.

Raken ya fi ta tsawo, ganyensa na gogar juna, shaa, shaa. Hayaƙin girkin ƙauye ya tsaya a bayanta. Kwaɗin magudanar ruwa, masu cika wa mutane kunne a irin wannan lokaci, duk sun yi tsit. Daga nesa ladan ya ɗaga murya, iska ta kwashe rabin kiran.

Abdurradi ya tayar da salla a kan tabarmarsa, bayansa ga ƙofa. Ta cire takalmanta ta wuce shi.

Ciki sanyi. Warin kashin jemage ya doke ta, sai kuma wani wari a ƙarƙashinsa, na ɗanyar laka da dutsen da aka sassaƙa yanzu-yanzu. Ta wata 'yar kafa a saman bango ragowar hasken rana ya zubo, ja, ya sauka daidai kan hannun mai igiya. Ramin cokalinta yana nan.

Ta kwance hankicin. Abin da ya rage bai cika tsakiyar tafi ba. Ta tofa yawu ta kwaɓa, ta danna a ramin.

"Ga shi na dawo da shi," ta ce a hankali. "Ka yi haƙuri."

Kwaɓin ya ruguje ya zube ƙasa.

Ta durƙusa tana tattarawa. Hannunta ya taɓa wani abu a kan dutsen.

Igiya.

Ba irin ta kaba ba ce. Tana da ɗumi, tana da santsi, a jiƙe. Kuma tana bugawa a ƙarƙashin yatsunta, dif, dif, dif, da sauri, irin bugun ƙaramar zuciya.

Ta bi ta da ido. Ɗaya bakin ya miƙe ya fita ta ƙofa, ya nufi ƙauye. Ɗayan ya hau bango, ya shige cikin hannun mutumin.

Hannun ya motsa.

Ƙarar ta fito kamar ana juya dutsen niƙa. Yatsun dutse suka naɗe, suka ja. Igiyar ta goga ƙasa, suuu. A gaban gwiwarta akwai ƙulli sako-sako, bakinsa a buɗe. Ya ɗan tsuke.

Bugun ya ragu.

Yashi ya zubo mata a ka. Ta ɗaga ido. Rufin nan da bai taɓa ko tsagewa ba yana nishi.

"Awona bai cika ba."

Muryar ba ta fito ta bakinsa ba. Ta cikin bangon ta fito, ta cikin ƙasa, har cikin haƙoranta.

"Ni na ɗauka," ta ce. "Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba."

"Na bi shi inda aka kai shi."

Ya sake ja.

Dif... dif...

"Nawa ne ya rage? Faɗa mini!"

Fuskar dutsen, wadda tun da aka sassaƙa ta gefe take kallo, ta juyo a hankali. Ido ɗaya kawai gare shi. Ɗaya ɓangaren ba a taɓa sassaƙa shi ba.

"Yatsa ɗaya."

Bakin ƙullin ya kusa rufewa.

Ba ta yi tunani ba. Ta yi bisimilla ta zura masa manuniyar hannun dama, wadda ta danna bayan cokalin da ita.

Ya ja.

Wayyo Allah! Ba ta san ƙashi yana kuka ba sai ranar. Sanyi ya shiga yatsan, ya hau tafi, ya nufi gwiwar hannu. Ta danne igiyar da ɗaya hannun tana karanta duk abin da ya zo bakinta, tana haɗa sura da sura.

Ya ja.

Ta ƙi cirewa.

Hasken kafar ya mutu.

A cikin duhun ta ji bugun ya dawo, a jikin mataccen yatsanta. Dif, dif, dif, dif.

Yashin ya daina zuba.

"Ya cika."

Wani hannu, na mutum, mai warin taba da shayi, ya damƙi kafaɗarta ya fizge ta. Abdurradi ne da tocilarsa, yana salati da ƙarfi. Ya ja ta a ƙasa har waje, bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

"Me kika yi, baiwar Allah? Me kika yi a ciki?"

Ta miƙe tsaye. Ta zabura cikin raken da gudu, ba takalmi.

Motar Hilal na tsaye a ƙofar gida, ba wanda ya shiga. Tun daga zaure ta ji kukan jariri. Ummu Girgis ta fito ta janye ta gefe, ta buɗe mata wani tsumma.

"Mace ce, lafiyarta lau. Amma dubi nan. Tunda nake aikin nan ban ga irinsa ba."

Igiyar cibiya ce, da ƙulli a tsakiyarta, a ɗaure tamau. Sai dai a cikin ƙullin akwai 'yar kafa zagayayya.

"Da ya rufe, da gawa muka ciro," in ji ungozomar. "Kamar wani ya sa yatsa ya tare."

Sai idonta ya sauka kan hannun Nabawiyya. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta naɗe tsumman.

Yatsan bai warke ba. Ya koma toka-toka, ya sandare, in ya bugi kofin shayi sai a ji ƙas. Ta ce wa mutanen gida ƙofa ce ta datse shi; likitan gari ya juya shi ya juya, ya ba ta man shafawa. Igiyoyin gidan kuwa tun daga ranar ba a sake ƙulla su ba. Abdurradi ya ce ƙullin ya dawo a bango, cif, sai dai in ka haska shi da kyau akwai zane-zane sirara a kansa, irin na kan yatsan mutum. Ya daina yi mata ba'a.

Intisar ta sa wa yarinyar sunan uwarta. Takan kama hannun ta sumbata ta ce, "Umma, duk saboda ni ƙofa ta datse ki kina gudun neman mota." Nabawiyya ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga fuskar ɗiyarta, ta haɗiye. Wannan sumbar ta fi igiyar ciwo, kuma kullum sai an yi ta.

Jaririyar ba ta kama yatsan kowa sai wannan. Tana ganin kakarta za ta miƙo hannu ta damƙe shi, ta yi barci. Lokacin ne kawai Nabawiyya take jin yatsan nata. Takan ji ana ɗan jan sa a hankali, kamar mai gini yana gwada ko ƙullinsa na nan. Ba kuma daga wajen yarinyar ake ja ba.