Jan Kafet ɗin Matakalar Alhaji Maccido

Ranar da Salima ta fara ganin Mujahid, ba ita yake kallo ba. Yana tsaye a falon gidansu da ke Shinkafi, ya riƙe ƙugu, ya zuba wa jan kafet ɗin da mahaifinta, Alhaji Maccido, ya sa aka manne da gam a matakalar bene ido.

"Malam, matakalar ka zo gaisarwa?" ta ce.

Ya juyo, ya gaishe ta. Daga Kaura Namoda yake, can yake da wurin wankin motoci da kafet. Ranar na falo kawai ya naɗe ya tafi da su, ya haɗa da lambar wayarta.

Kafin damina ta sauka, ta zama Zumata, shi kuma Nawa. Da ya yi niyyar turo magabatansa, sai ya ƙudura zai fara burge Alhaji: zai wanke kafet ɗin matakala kyauta, ranar da maigidan ya tafi Zurmi.

Da Salima ta ga ana sauke ƙaton injin feshin wankin mota daga a-kori-kura, sai ta tare Mujahid a bakin ƙofa.

"Nawa, wannan fa ba tirela ba ce. Akwai soso a ƙarƙashin kafet ɗin nan."

"Zumata, babban gida sai babban inji. Ke dai ki zuba ido."

Ta zuba. Ya zazzaga omo, ya saki ruwa, kumfa ta gangaro har ƙofar kicin. Kafet ya yi ja jawur, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta haɗe, rana ta ƙi leƙowa.

Ana cewa ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne, wani lokacin saurayi ke tsamar da shi. Alhaji ya dawo ya tarar da gidansa na warin jiƙaƙƙen buhu, matakala na cewa caɓal in an taka.

"Wanga yaro za ni ba ɗiya?" ya ce wa Hajiya Kulsumu, mahaifiyar Salima, yana toshe hanci da bakin rawani. "Matakala ma ya ruɓar da ita, ina ga mutum? Kada in ƙara ganin ƙafarshi gidan nan."

Kamar jira yake, sai ga Sagir, ɗan aminin Alhaji na Zurmi, mai sayar da tayil, wanda ya daɗe yana kawo wa Salima turaren da ba ta roƙa ba.

"Baba, a ɓamɓare shi kawai. Zamani ya wuce kafet."

Alhaji bai yarda ba, don kafet ɗin nan da kansa ya zaɓo shi a Kano, har limami ya kira ya gani. Amma ya ce Sagir ya riƙa zuwa zance.

Mujahid kuwa ya shige Kaura ya yi lamo. Da ya ji labarin motar Sagir a ƙofar gida, ya turo saƙo:

"Na ji an samu mai tayil. Allah ya sa alheri. Ni dama mai wanki ne."

Salima ta karanta, takaici ya kusa sa ta jifa da wayar. Ta rasa wa za ta fara shaƙewa cikin mazan nan uku. Ta rubuta:

"Ba sana'arka aka raina ba, kunnen ƙashinka ne. Kafet ɗin falo ka naɗe ka shanya a rana. Na matakala a ina za ka shanya shi? Ruwan da ka zuba yana nan yana jiran ka. Nemo abin da zai zuƙe shi, ko ka zauna ka ci shinkafar bikina da Sagir."

Sai ga amsa: "Zumata, ashe har yanzu ni ne?"

"In ka daina shirme."

Ya tafi Gusau, ya dawo da wani ɗan inji da bai wuce bokiti ba, mai dogon tiyo da siririn baki, wanda ke fesa ruwa kaɗan ya zuƙe shi nan take. Ya haɗo da buroshin hannu da fanka biyu. Abokansa na Kaura suka yi ta tambayar ko shayi zai fara sayarwa.

Hajiya Kulsumu, wadda warin ya hana ta cin tuwo, ita ta buɗe masa ƙofa da hantsi, lokacin da Alhaji ke barcin safe a sama.

"Ka yi ka gama kafin ya tashi. In ya kama ka, ban san ka ba."

Aikin matakala daga sama ake faro shi, a sauko da baya. Mujahid ya durƙusa, ya kunna inji. Ƙarar kuwa ta tada maigida.

Salima na laɓe bayan labulen kicin ta ga ƙofar sama ta buɗe. A garin nan saurayi in ya hango uban budurwarsa, kwana yake yi ya canza hanya, ko da takalmi zai bari. Mujahid ba shi da hanyar canzawa. Ga tiyo a hannu, ga Alhaji tsaye a kansa.

"Baba, ina kwana. Don Allah kada ka taka, da danshi."

"Kai! A gidana za ka tsare ni?"

"Zuwa azahar ne, Baba."

Salima ta dafe kai. Shi ke nan, ta ce a ranta, Sagir ya ci banza.

Alhaji ya koma ciki, ya jawo kujera, ya dasa a bakin matakala don ya ga ƙarshen rashin kunya. Mujahid ya sunkuyar da kai, ya ci gaba. Ya goge da buroshi, ya bi kusurwa da bakin tiyo, ya zuƙe, ya ja gwiwa baya. Baƙin ruwa na taruwa a cikin injin, Alhaji na leƙe.

"Duk wanga daga kafet ɗina?"

"Rabi nawa ne, Baba. Ni na zuba shi, Salima ta hana ni ban ji ba."

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya tambaye shi ɗan wane ne a Kaura, wa ya koya masa karatu, me ya sa bai saurari yarinyar ba tun farko. Mujahid na amsawa a durƙushe, yana sauka da baya, bai taɓa juya masa ƙeya ba, don aikin ma bai ba da damar haka ba.

Da aka kira azahar, fankoki sun yi nasu. Alhaji ya cire takalmi, ya taka da tafin ƙafa, ya sunkuya ya shinshina. Ya sauko a hankali har ya iso inda Mujahid ke tsugune.

"Surukaina ukku, babu wanda ya taɓa durƙusa mini ya kai haka," ya ce. "Tashi mu tai masallaci. Ka ce wa iyayenka ina jiran su."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Gidan da aka kai amarya a Kaura babu bene, kuma leda aka shimfiɗa har uwar ɗaka. Salima ce ta zaɓa, ango ya ce to.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya ƙara wa ango jin magana.