Gwangwanin Korar Tsuntsu

"Ranar kasuwar Bunkure zan dawo in ɗauke ta, Yaya. Na gama magana."

Saliha ce, ƙanwar marigayiya matarsa, tsaye a tsakar gida da jaririyar 'yarsa a kafaɗa. Abdulsamad bai ɗago ba, yana ta kankare laka daga fartanya.

Ta ce daga awo suke. Malamar asibiti ta duba, kunne ƙalau, jiki ba laifi, amma yarinya wata tara ba gwaranci, ba dariya, a kira ta ko juyowa. Mai yi mata magana ta rasa. Mahaifiyarsa Inno tana bakin tukunyar turara shinkafa tun safe har la'asar, yarinya tana kwance a kwandon tumatir tana kallon rufin kwano.

Inno ta ce ai 'yar fari ce, kuma a gidan nan uba ba ya wasa da ɗan fari.

"Uwarta na kabari, ubanta na jin kunya... to Inno, wa ya rage mata?"



Maganar gaskiya ba kunya ba ce. Wajen haihuwarta Zuliha ta rasu, aka mayar wa jaririyar sunan. Tun ranar da ya zuba ƙasa da hannunsa, sunan nan bai sake fita daga bakinsa ba. Ga idon yarinyar, na uwar ne sak.

Washegari ya saɓe ta zuwa gona. A bakin kanal, magudanar ruwan gonaki, Ɗanladi mai injin ban ruwa ya tambaye shi ko nonon ma shi zai bayar. Ya wuce.

Ya kwantar da ita a rumfa, ya tsuguna. Me ake ce wa jariri? Ya gaya mata ruwa bai iso layinsu ba. Ya gaya mata shinkafa ta fitar da kai. Ta zuba masa ido kamar bango. Kwana biyu haka, har ya fara cewa a ransa gara Saliha ta tafi da ita.

A na uku tsuntsaye suka sauko. Ya fizgi igiyar da ya jera wa gwangwanaye masu tsakuwa, gona ta ɗauki ƙara.

Yarinyar ta juyo.

Da wannan ƙarar uwarta ta fara tsokanarsa, lokacin tana yi wa babanta korar tsuntsu. In zai wuce sai ta ja igiya, ya zabura, ta ce ta zaci babban tsuntsu ne.

Ya yanko gwangwani ɗaya, ya dandaƙe bakinsa don kada ya yanke ta. Ya kaɗa a dama, ta bi da ido. Ya kaɗa a hagu, ta bi. Ya ɓoye a bayansa, ta miƙa wuya tana nema. Da ya danƙa mata ta girgiza sau ɗaya, ta tsaya tana kallonsa. Sai da ya jima kafin ya gane amsa take jira. Ya tafa. Ta sake girgizawa.

Ran nan tsuntsaye sun ci shinkafa son ransu.

Ranar kasuwa Saliha ta same su a rumfa, majanyin marigayiya a hannunta. Ya yi sauri zai nuna mata wasan, ta karɓe gwangwanin.

"Ko akuya ta ji gwangwani za ta juyo. Kira ta, Yaya. In ta waiwayo ka, na bar maka ita."

Ya buɗe baki, ya rufe. Saliha ta sunkuya ta fara warware majanyin.

"Zuliha..."

Da ƙyar sunan ya fito daga bakinsa. Yarinyar ba ta san sunan ba, amma ta san muryar. Ta waiwayo, ta washe dasashi, ta kai hannu ta damƙi gemunsa.

Ƙaton mutum ya durƙushe a kan laka yana kuka, yana maimaita sunan, ba ka sanin wacce yake kira a cikinsu.

Saliha ta rataye majanyin a jikin rumfa. Ta bi bakin kanal ita kaɗai, tana goge ido da gefen mayafi.