Ruwan Lagireto a Gindin Tsamiya

Ku matso. Ke Barira, daina dariyar nan, ko in fasa. Kun san me ya sa Kawu Mamuda ba ya shan shayi? To, yau za ku ji.

Lokacin yana makanikin soja, an tura su daji. Bam ya tashi da motarsu mai sulke, tiyon ruwan lagireto mai sanyaya inji ya fashe. Sauran motoci suka bi abokan gaba, aka bar shi da direba, Kofur Tukur, wanda ke kwance a ciki jini na zuba. In motar ba ta tashi ba, Tukur ba zai kai magariba ba.

Rana tsaka. Gindin wata tsamiya. Ko tsuntsu babu.

Kawu ya shiga ƙarƙashin mota, ya kwance tiyo. Ruwa mai tafasa ya kwarara ƙasa. Kun san ba a zubar da ruwan zafi sai da bisimilla. Sauri ya mantar da shi.

Sai ya ji kukan jariri. Daga cikin ƙasa.

Ya juya kai. Ga ƙafafu biyu tsaye dab da taya. Zane na mace, amma kofato ne.

"Soja," in ji ta. "Ka ƙona min ɗa."

"Baiwar Allah, ki yafe ni. Wallahi ban sani ba."

"Wa ke nishi a ciki?"

"Ɗan'uwana ne. Shi ma ɗan wata ne."

Ya naɗe tiyon da robar tayub, ya ɗaure da waya. Amma ina ruwan zubawa? Jarkarsu ta huje.

Da ya fito, ba kowa. Sai 'yar ƙwarya a kan mota, ruwan cikinta bai fi kurɓa uku ba. Ya ɗura, ya ɗura, har lagireto ya cika. Muryar ta zo ta bayansa:

"Kai wa uwarsa nata. Kukan nawa kuma, kai za ka riƙe."

Mota ta tashi. Tukur ya rayu, 'ya'yansa shida yanzu.

Kawu fa? Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk inda ruwa ya tafasa sai ya ji jaririn. Shi ya sa ya koma ɗakin bayan gari, inda ba murhu, yana cin tuwo da sanyinsa. Tausayinsa nake ji, wallahi.

Don haka kada in ji waninku ya bi ta gindin tsamiya shi kaɗai. Ke kuma Barira, ruwan taliyar da kika watsar ɗazu a bayan ɗaki, kin yi bisimilla?