Mayen Fim Ya Zo Neman Aure

A rumfar kallo ta Kawempe suka haɗu. A fim ɗin da ake nunawa, Lubwama ne ya fito a maye mai tonon kabari, yana waƙa yana lallashin gawa ta bi shi, ita kuwa tana rera cewa ƙafarta na ciwo, sai dai ya kira mata acaɓa. Nabbosa ta yi dariya har da hawaye. Rabonta da dariya wata bakwai, tun rasuwar mahaifiyarta.

Ashe Lubwama na cikin rumfar. Ya tare ta a ƙofa. "Ke ce mai dariyar nan?"

"Kai ne mayen? Duk gawar da ka ci ba ka yi ƙiba ba!"

Shi ke nan fa. Yana ce mata Dariyata, tana ce masa Mayena.

To mu ƙabilar Baganda ba ma ba da 'ya sai an binciki dangin miji, ko da maita a gidan. Gwaggonta ta je bincike, maƙwabta suka nuna mata fim ɗin a waya. Ta dawo hannu a ka.

"Taata, wasa ne fa!" in ji Nabbosa ga babanta.

Uban ya ce, "Wanda bai gada ba ba ya iya rawar nan. Ga uwarki kwance a kabari bayan gidan nan, in kawo mai tono?"

Kai, maganar ta yi ciwo! Ta rubuta masa: "Mayena, ka yafe ni. Taata ya rantse ba zai ba ka ni ba. Kada ka amsa, zan karaya."

Ya amsa: "Dariyata, ki ci abinci. Ko ba da ni ba, kada ki daina dariya."

Wata uku tana ramewa. Ran nan tsohon ya sa aka kunna masa fim ɗin don ya kafa hujja gaban dangi, fuska murtuk. Gawar ta soma waƙar mita, wai marowacin mijinta ya binne ta da tsohon mayafi. Dariya ta ƙwace masa, ta rikiɗe ta zama kuka.

"Haka uwarki take mita," ya ce wa Nabbosa. "Sak!"

Ranar da aka ba Lubwama Nabbosa, tsohon ya ja shi cikin gonar ayaba, ya tsayar da shi nesa da kabarin, don a al'adarmu suruki ba ya kusantar uwar matarsa.

"Gaishe ta daga nan. Allah ya ba ku zaman lafiya." Ya share ido. "Amma ban da waƙa. In ta tashi, ba zan bari ta koma ba."