Ƙofar Gidan Mai Agogo

Da azahar Baba Mai Agogo ya shigo caji ofis yana haki. An sace ƙofar gidansa.

Ƙofar katako ce mai sassaƙa, da shekarar ginin a jikinta. Washegari kwamitin kare tsofaffin gine-gine zai zo dubawa. In sun gan ta, gidan ya tsira, ba mai ikon sake ko taga ɗaya. In ba su gani ba, katafila za ta rushe shi, a ba iyalin ɗakuna a sabon benen da ke bayansu.

"Ɗan kwangilar benen ne, ranka ya daɗe. Asibiti na je da safe, na dawo na tarar da gida baki buɗe."

Sufeto ya sami ɗan kwangilar a gindin benen.

"Ban taɓa taka lungun nan ba," in ji shi.

"Telan bakin lungu ya gan ka shekaranjiya."

Ya cire hular kwano ya share gumi. "To, na je. Matar ɗan tsohon ce ta kira ni. Tambaya ɗaya ta yi: ɗakunan sama taga nawa ne."

Lungun mutum biyu ba sa wucewa kafaɗa da kafaɗa. Benaye sun rufe shi ta gefe uku, rana ba ta sauka. Sufeto ya duƙa a bakin gidan. Ba a ɓalle komai ba. An kwance ƙusoshin daga ciki, an kuma kwantar da benci a gicciye inda ƙofar take.

"Baba, kai ka sa wannan?"

"Haka na tarar."

Surukar tana ɗaki, mijinta direba ya yi tafiya. Bangon ya yi baƙi saboda danshi. 'Yarta mai wata goma, 'Yar Baba, tana rarrafe tana tari, ƙirjinta na fito kamar usur.

"Ina kike da safe?"

"Kasuwa, yallaɓai."

"Da yarinyar?"

"A goye."

"Baba ya riga ki dawowa?"

"Ya riga ni."

Yarinyar ta nufi waje. Ta kai bencin, ta dafa, ta zauna daɓas. Uwar ko motsi ba ta yi ba.

"Shekara ashirin ina aikin nan," in ji Sufeto. "Ban taɓa ganin ɓarawon da ya sace ƙofa ya tsaya tare wa jaririya hanya ba. Kofur, ɗaga katifar nan."

Ƙofar na ƙarƙashi, naɗe da bargo.

"Ke?" in ji Baba. "Ƙofar kakana?"

"Ban ƙona ba, Baba, ban sayar ba. Kwana biyu kawai nake so. Sau uku ana kwantar da 'Yar Baba a asibiti. Likita ya ce rashin iska ne. Na roƙe ka mu fasa taga, ka ce kwamiti. In suka sa hannu gobe, a ɗakin nan za ta girma, in ta girma."

Baba ya ce ya janye ƙara. Sufeto ya girgiza kai: ƙofar tana cikin rajistar hukuma, magana ta wuce hannunsu.

Ta miƙa wa tsohon yarinyar da kwalbar magani. "Cokali ɗaya bayan la'asar. Kada ka kwantar da ita jikin bango."

Kofur ya sa ta gaba. Ta tsallake bencin, ta juyo ta gyara masa zama.

Baba ya tsaya da jikarsa a kafaɗa, tana tari a kunnensa. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Har motar 'yan sanda ta tashi bai kira kafintan da zai mayar da ita ba.