Kin Yi Baƙi

Sufeto bai gama ajiye hularsa a kan tebur ba wayar ofis ta ɗauki ƙara. An shiga situdiyon mawaƙiyar da ake kira Kanari, an fasa wa mai haɗa mata sauti kai, an kuma tafi da sabon albam ɗinta da ko fita bai yi ba.

"Wace ce kuma Kanari?" in ji Sufeto.

Saje, 'yar sandan da ke aiki a ƙarƙashinsa, ta dafe ƙirji. "Haba Yallaɓai! A garin nan kake kuwa? Mu da muka daina barci saboda jiran Baƙi!"

"Wane baƙi?"

"Sunan albam ɗin ke nan. Fastar baƙa ƙirin ce, ba hoto, ba komai, sai kalmar kawai. A guruf ɗinmu har an ɓata da juna. Wasu sun ce baƙin ciki take nufi, wasu sun ce launin fatarta take yabo."

"Guruf ɗinku? To madalla. Ɗauko mota."

A bakin situdiyon sai da Saje ta yi ta danna hon kafin su samu hanya. Masoyan Kanari sun cika titi, kowa cikin baƙar riga, wasu na kuka, wasu na musu kamar za su doki juna. Wani na rantsuwa cewa waƙoƙi goma ne a ciki, wata na ce masa ƙarya yake, ita ta ji daga majiya mai tushe.

Ciki kuwa tsit. Ba a ɓalla ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Ga jini ya bushe a gefen teburin sauti. Manajan Kanari, wani dogo mai yawan duba agogo, shi ya tarar da Injiniya, mai haɗa sautin, kwance da safe, ya kai shi asibiti. Har yanzu bai farfaɗo ba.

"Me aka ɗauka?" Sufeto ya tambaya.

"Laftof ɗin Injiniya da filash ɗin da yake ajiye kwafi. Sai hedifon ɗinsa."

Sufeto ya dubi makirfo-makirfo da kyamarar da ke jingine a kusurwa. "Waɗannan ba su fi hedifon tsada ba?"

"Nesa ba kusa ba."

"To ɓarawon nan ba kasuwa ya nufa ba. Saurare yake son yi. Ina sauran kwafin?"

Manaja ya share gumi. "Babu. Injiniya ba ya yarda laftof ɗin ya taɓa intanet, don kada a saci Baƙi kafin ranar fita. Ko ni ban ji waƙa ɗaya ba."

"Jiya da yamma kana ina?"

"Gida."

"Matarka za ta ce haka idan na kira ta yanzu?"

Manaja ya sauke murya. Ashe wajen wata sabuwar mawaƙiya ya je, tana son ya riƙe mata harkokinta, shi kuma ba ya son Kanari ta ji. Saje ta buga waya can, aka tabbatar. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ja tsaki a ciki-ciki.

Kanari tana ɗakin baya, zaune a ƙasa, ta jingina da bango. Ba kwalliya, ba komai, idanunta sun kumbura. Saje da ta zo da ɗokin ganinta sai ta rasa bakin gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, yaya Injiniya?" Kanari ce ta fara tambaya.

"Yana numfashi. Waƙoƙin fa, ba za ki iya sake rera su ba?"

"Duka zan iya, ban da guda. Ban da Baaƙi."

Ta ja kalmar, yadda ake faɗa idan mutane sun zo gida daga nesa. Saje ta zaro ido. "Baaƙi? Ba baƙi na launi ba?"

"A rubuce ai duk ɗaya ne," in ji Kanari. "Da gangan muka yi fastar baƙa, mu bar mutane su yi ta musu."

Sai ta ba su labari. Tun kafin a san ta, wata rana tana ɗakinta tana ɗaukar waƙa da tsohuwar wayarta, mahaifiyarta ta ƙwala mata kira daga falo cewa ta yi baƙi. Ranar har haushi ta ji an ɓata mata ɗauka. Mahaifiyar ta rasu bara, kuma mace ce da ba ta yarda a ɗauki hotonta, balle muryarta. Wannan kiran shi kaɗai ya rage. Injiniya ya samu ya ciro shi daga wayar kafin ta mutu gaba ɗaya, suka buɗe albam ɗin da shi.

"Idan laftof ɗin nan ya salwanta, ba zan ƙara jin muryar Mama ba har in mutu," in ji ta. "Wallahi albam ɗin bai dame ni ba."

"Wa ya san yadda ake furta sunan?"

"Ni da Injiniya. Shi ke nan."

Sufeto ya juya ga Saje. "Ke ma yanzu kin sani. Idan na ji shi a guruf ɗinku, ke zan fara rufewa."

Hankalinsa bai kwanta ba. Labarin asibiti ya riga ya bazu, kuma ya san halin ɓarawon da ya tsorata: abin da ya sata yake fara rabuwa da shi.

Maigadi ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ko ƙuda bai wuce ta gabansa ba jiya. Da bai ga Injiniya ya fito ba, ya ɗauka kwana ya yi a ciki kamar yadda ya saba.

Sufeto ya leƙa ɗakin gadin, ya ɗago wata sabuwar baƙar riga daga kan benci, har da ledarta.

"Baba, kai ma masoyi ne?"

"Ta jikata ce."

"A ina ka saya?"

Tsoho ya fara kame-kame. Da ƙyar ya ce kyauta aka ba shi. Lamba Ɗaya ne ya kawo fastoci don Kanari ta sa hannu, ya roƙa a bar shi ya ajiye a ciki ya fito. "Yaron nan kamar ɗan gida ne, Yallaɓai. Na shiga ban-ɗaki, ban ga fitarsa ba. Tsoron aikina ya sa na ɓoye."

"Wane ne Lamba Ɗaya?"

"Shugaban guruf ɗinmu," in ji Saje, muryarta ta yi sanyi. "Tun Kanari na waƙa a ɗakin taron makaranta yake bin ta. Shi ya buga rigunan nan, shi ya tsaya kai da fata cewa launi take nufi. Yallaɓai, ba zai iya ba."

"Gayyato min shi. Ki ce taimakonsa muke nema."

Ba a sha wahalar nemansa ba, don shi ke gaban taron da lasifika a hannu, yana kiran a kamo azzalumi. Saurayi ne siriri, mai ladabi, har da rusunawa da ya shigo ofishin situdiyon. Ya zauna, hannunsa na dama a kan aljihun wandonsa.

"An ce ka shiga situdiyo jiya."

"Fastoci na ajiye a bakin ƙofa, Yallaɓai, na juya. Ko Injiniya ban gani ba."

"To mu bar wannan. Ni tsoho ne, ban san harkar ba. Me ya sa mutane ke haukacewa a kan albam ɗin da ba wanda ya ji?"

Nan fa aka sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama, ya shiga bayani: yadda muryar Kanari ta nuna, yadda ta daina ɓoyewa a bayan kiɗa, yadda masu cewa ta ƙare za su ji kunya. Sufeto na gyaɗa kai kamar ɗalibi, yana ƙara masa tambaya, shi kuma yana ƙara zafi.

"Yallaɓai, ka rubuta ka ajiye," in ji shi, yana buga tebur, "ranar da duniya ta ji Baaƙi, ba wanda zai riƙe hawayensa!"

Biron Saje ya faɗi ƙasa.

"Maimaita sunan," in ji Sufeto.

"Baƙi," in ji saurayin.

"A'a, ba haka ka ce ba. Ka ja shi. Mutane cike da titi, kowa na faɗin launi, da bakinka ka koya musu. Yaushe ka canja?"

"Harshe ne ya zame."

"Ya zame ya faɗa daidai inda mutum biyu kawai suka sani? Ɗaya tana ɗakin can, ɗaya yana asibiti ba ya magana."

"Ba ku da hujja a kaina." Ya dake.

Sufeto ya san gaskiya ya faɗa. An riga an duba ɗakin saurayin yayin da suke magana, ba a samu komai ba. Ba alƙalin da zai ɗaure mutum don ya ja wasali. Ya tashi ya buɗe ƙofa da kansa.

"Haka ne. Kana iya tafiya. Amma akwai mai son ganinka tukuna."

Kanari ta shigo. Lamba Ɗaya ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ƙanina," in ji ta, "kai ne ka riƙe min jaka ranar jana'izar Mama, ban manta ba. Ban zo in tuhume ka ba. Idan ka san wanda ya ɗauka, ka ce masa ya riƙe waƙoƙin, ya sake su, ya yi yadda ya so. Muryar da ke farkon waƙar nan kawai nake roƙo. Ba ni da wata, ko a waya, ko a ko'ina."

"Ba ki da wani kwafi?" Ya tambaya.

"Babu."

Ƙofa a buɗe take, ba wanda ya tare shi. Ya dubi ƙofar, ya dubi Kanari, sai ya zube a kan kujera.

"Anti, na cuce ki. Da safe da na ji Injiniya bai farfaɗo ba, na jefa laftof ɗin da filash ɗin a kogi daga kan gada."

Kanari ta dafa bango. Ba ta yi ihu ba, sai wani ɗan sauti da ya fito daga maƙogwaronta, wanda ya sa Saje ta kau da kai.

Shi kuwa magana ta ɓalle masa. Ya tarar da situdiyo ba kowa, laftof a buɗe, ya ce bari ya ɗan ji kaɗan, shi da ya fi kowa jira. Injiniya ya dawo ya same shi da hedifon a kunne, ya kira shi ɓarawo, ya cakumi wuyansa. Shi kuma ya ture Injiniya, kansa ya bugi tebur. Da ya ga jini sai ya kwashi abin da ke gabansa ya gudu.

"Tun da ka shigo hannunka ke kan aljihun nan," in ji Sufeto a hankali. "Me ke ciki?"

Saurayin ya ciro wayarsa. "Waƙar farkon nan kaɗai na tura cikin wayata. A kan gadar na so in goge, wallahi yatsana ya ƙi." Ya buɗe ta, ya ajiye a kan tebur, ya danna.

Aka ji ɗan shuu na tsohuwar ɗauka, da muryar yarinya tana gwada waƙa. Sai daga nesa wata murya ta dattijuwa, mai ƙarfi, da ɗan faɗa a ciki:

"Ke 'yar nan! Ajiye waƙar nan ki fito, kin yi baaƙi!"

Kanari ta durƙusa a gaban teburin, ta kama gefensa da hannu biyu.

"Na'am, Mama," in ji ta. "Ga ni nan."

Sufeto ya bari sai da aka tura waƙar zuwa wayarta, ta saurara ta tabbatar, sannan ya sa wayar saurayin a ledar shaida. Saje ce ta sa wa shugaban guruf ɗinsu ankwa, tana share ido da kafaɗa. Ta bi da shi ta ƙofar baya, don a gaba har yanzu mutanensa na tsaye cikin rigunan da ya buga musu, suna ihun sunan albam ɗin yadda ya koya musu.